Borin Hanji a Jikin Yara: Jan Hankali ga Iyayen Malanbil

Malanbil garin abinci ne. Ga shinkafa daga fadamun bakin Kogin Kwara, ga kifi daga kogin, ga nono da kindirmo daga rugagen Fulani, ga kuma madarar gari da ta gwangwani jibge a kasuwar da mutanen Gaya da Kandi da Kamba ke cikawa. To, ya ku iyaye, ku sani madara da shinkafa da kifi, har da ƙwai da waken soya, suna kan gaba cikin abincin da ke tayar wa wasu ƙananan yara wata cuta da likitoci ke kira FPIES a taƙaice, wadda za mu kira borin hanji. Abincin lafiyarsa lau, bai lalace ba, babu kuma wanda ya sa masa wani abu. Garkuwar jikin yaron ce ke ɗaukar sinadarin gina jiki da ke cikinsa a matsayin abokin gaba, sai hanji ya kumbura.

Kowa ya san borin jini: yaro ya ci gyaɗa ko ƙwai, nan take fata ta yi ruɗu-ruɗu, leɓe ya kumbura, wani lokaci numfashi ya sarƙe, wanda shi wannan sai a garzaya asibiti ba jira. Borin hanji ba haka yake zuwa ba, shi ya sa yake ɓoyuwa. Yaro zai sha kununsa ya yi wasa, sai bayan awa 1 zuwa 4 amai ya taso babu ƙaƙƙautawa, jiki ya saki, fuska ta yi fari fat, daga baya zawo ya biyo. Wasu yaran ruwan jikinsu kan ƙare har su galabaita. Washegari kuwa sai a ga yaro garau kamar ba shi ba. Ran da aka sake ba shi wannan abincin, abin ya dawo sak. Wannan maimaituwa, abinci ɗaya da amai iri ɗaya bayan tazara iri ɗaya, ita ce babbar shaida.

Mai hankali zai ce: a garin da ruwa ke ambaliya da damina, ga sauro, ga kwalara na leƙowa, wa zai ga yaro na amai ya tuna da wani borin hanji? Gaskiyarsa. Mafi yawan amai da gudawa a bakin kogi daga ƙazantar ruwa suke ko zazzaɓin cizon sauro, don haka matakin farko bai canja ba: ruwan gishiri da sukari, sannan asibiti, a yi gwajin jini, a yi ƙarin ruwa idan yaro ya kasa riƙe abin da ya sha. Abin da ake roƙo ƙari ne kaɗan. Uwa ta riƙe a ranta me yaro ya ci da lokacin da ya ci, ta faɗa wa ma'aikacin lafiya. Ciwon da ƙwayar cuta ta kawo yakan zo da zazzaɓi, ya ɗauki kwanaki, sau da yawa ya kama wasu a gidan. Wanda ke zuwa duk ran da aka dama kunun shinkafa, ya tafi ran da aka bari, bai kamata a ɗora wa haƙori ko iska ko bakin mutane ba, balle a yi ta ɗura wa yaro magungunan kashe ƙwayoyin cuta da aka saya a tebur.

Wani kuma zai ce cutar Turawa ce, mu ba mu da injin gano ta. Ai ko a Faransa babu injin. Ƙa'idar da masana na ƙasashe da dama suka fitar a 2017 ta dogara ne kan labarin da iyaye suka bayar, domin gwajin fata da na jini da ake yi wa borin jini yawanci ba sa nuna komai a nan. A Italiya da Sifen kifi ya yi fice wajen tayar da ita, a Ostareliya shinkafa. Garin da waɗannan biyu suke cimarsa ba shi da hujjar cewa ya tsira.

Sai dai akwai haɗarin da ya fi cutar kusa da mu, wato tsoro ya sa a hana yaro madara da kifi da ƙwai da wake gaba ɗaya, a bar shi da koko tsura. Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago, don tamowa ta fi borin hanji kisa nesa ba kusa ba. Abincin da aka tabbatar shi kaɗai ake cirewa, a maye gurbinsa da shawarar likita. Kada a ce nonon akuya ko na tumaki zai maye na saniya, sinadarinsu ɗan uwan juna ne. Kada kuma a yaye jariri da sunan nonon uwa ya ɓaci. Jaririn da ke kan mama zalla tsawon wata 6, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke horo, da wuya borin hanji ya kama shi. Idan an ga ɗigon jini a bayan gidansa alhali yana ƙiba yana walwala, a kai shi a duba. Wani lokaci uwar ce za a ce ta dakata da shan nonon saniya da madara, abin kuma yakan wuce kafin ya shekara. Shi ma borin hanjin yawancin yara suna rabuwa da shi tsakanin shekara 3 zuwa 5, amma sake gwada abincin a asibiti ake yinsa, inda akwai ruwan ƙari a kusa.