Gonarka Amana Ce

Ya ɗan'uwa manomin Waca, ka lura da iskar farkon damina? A gonar da babu itace, takan kwashe ƙasa mai albarka, rairayi ya binne shukar hatsi. Ruwan sama kuwa ya haƙa kwazazzabo, ya kai yashi cikin Korama. Haka gona take mutuwa a hankali.

Bayan farin 1984, manoman Magarya da Dungas da yawa suka bar gawo ya girma. Saiwarsa tana riƙe ƙasa, ganyensa taki ne.

Allah ya danƙa wa Adamu gona domin ya lura da ita (Farawa 2:15). Kai fa? In ka yi sassabe bana, ka bar tohon gawo, domin 'ya'yanka su gāji ƙasa mai rai.