Na'ura mai jin bugun zuciya

Ka taɓa leƙa rijiya ka yi kira, muryarka ta komo maka? To, haka radar take aiki. Tana aika igiyoyin rediyo, su bugi abu, su komo.

Ƙirjinka yana motsi in kana lumfashi, ko in zuciyarka ta buga. Injiniyoyin NASA, a Amurka, sun ƙera na'urar da ke gane wannan ɗan motsi, ko da gini ya danne mutum.

A 2015, girgizar ƙasa ta rushe gidaje a Nepal. A garin Cautara, na'urar ta gano maza 4 ƙarƙashin baraguzai masu zurfin kusan mita 3. Aka tono su da rai.

Tambaya: Mi ya sa na'urar ba ta gano gawa?