Mai Ganyen Baba Da Rajistar Suna

An ce tun 1498 ake rini a marinar Ƙofar Mata ta Kano, kuma har gobe ba ta rabuwa da baba da toka. To, manomin da ya gaji da dillalai, ya ce zai kama rumfa kusa da karofi ya riƙa sayar da ganyensa da kansa, sai ya san ƙa'ida tukuna.

In da cikakken sunansa zai yi ciniki, doka ba ta tilasta masa rajista ba. Amma in ya rataya allo da wani suna dabam, lalle ya kai shi Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, cikin kwana 28. Za a duba ko wani ya riga shi sunan, sa'an nan ya ba da lambar NIN da hoto da adireshin rumfa. Takardar da zai samu ita banki ke nema kafin a buɗe asusu da sunan ciniki.

Ga inda ake ruɗewa. Rajistar suna ba ta raba mutum da bashin cinikinsa. In masu rini suka ɗauki kaya ba su biya ba, shi kuwa ana binsa, mai bashi yana iya kaiwa har ga shanun nomansa. Kamfani mai iyakar bashi shi ke raba dukiyar gida da ta kasuwa, kuma tun dokar 2020 mutum ɗaya ma yana iya kafa shi. Sai dai ɗawainiyarsa ta fi yawa, banki kuma kan ce mai shi ya tsaya wa rancen da kansa.