Kafin ka ɗaga kan kekenka

Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, keke ya dawo da martabarsa a yankinmu. Manomin da ya saba zuwa gona a kan babur, daga Funtuwa zuwa Maska ko daga Malumfashi zuwa Dayi, yanzu ya jingine mashin ya sayi keke. Sai dai kekunan da suka cika kasuwa ba irin Rale da Fonis ɗin iyayenmu ba ne, masu kai a sama, mutum ya zauna a miƙe. 'Yan gwanjo ne masu giya, waɗanda aka ƙera don hawan tsauni. Kansu a ƙasa yake, dole mahayi ya duƙa. Wanda ya yini yana huɗar masara, ya kuma dawo gida a duƙe, ai bayansa da wuyan hannunsa sai sun gaya masa.

Shi ya sa dattawa ke zuwa rumfata suna cewa, "Ɗana, ɗaga mini kan nan, ƙuguna ya gaji." Buƙata ce mai kyau, kuma tana yiwuwa. Yadda ake yin ta ne ke tayar mini da hankali.

Wuyan keke, wato ƙarfen da ke riƙe kan, iri biyu ne. Na farko shi ne wanda ke zurawa cikin bututun fok, da noti guda a samansa. Ka sassauta notin da alanki, yawanci mai lamba 6, ka ɗan buga shi ya saki, sai ka ja wuyan sama. Amma ka goge tsatsar ka duba da kyau: a jikinsa akwai layi da masu ƙerawa suka zana. Layin nan bai kamata ya leƙo waje ba ko kaɗan. Kusan santimita 6 da rabi na ƙarfen ya wajaba ya zauna a ciki. Na sha cire wuyan da abin da ya rage a ciki bai fi gaɓar yatsa ba, mai shi kuma yana ɗauko buhun taki a kariya, yana gangara hanyar burji mai ramuka. Irin wannan ba ya yin gargaɗi. Rana ɗaya zai ɓalle a hannunka, fuska ce ke fara isa ƙasa.

Na biyu shi ne wanda ke rungume bututun daga waje, da notuna biyu a gefe da murfi a sama. Wannan ba ya jawuwa, kada ka wahalar da kanka. Idan akwai zobba a samansa, a mayar da su ƙasansa. Idan wuyan ya sunkuya, a cire a juya shi ya kalli sama. In duk bai isa ba, a sayi kai mai lanƙwasa sama, amma a auna kaurinsa, don akwai mai milimita 25.4, akwai mai 31.8, kuma ba sa shiga wurin juna. Wajen ɗaurewa, murfin sama ake fara matsawa a hankali har boris ya daina kaɗawa, sannan notunan gefe.

Abin da nake roƙo a daina shi ne kai keke wurin mai walda a ƙara masa rodi. Yawancin waɗannan wuyan alminiyum ne, waldar ƙofa da taga ba ta kama su, kuma ko na ƙarfe ne, wurin da wuta ta ci nan zai karye.

Bayan an ɗaga, juya kan hagu da dama har ƙarshe. In wayar birki ko ta giya tana ja, a canja ta da doguwa. Ka kuma sani, idan kai ya yi sama kuma kaya sun yi nauyi a baya, tayar gaba takan yi sakayau a hawa. Wani lokacin ma ciwon bayan laifin sirdi ne, ya yi tsawo ko ya sunkuya gaba yana tura ka kan hannuwa.

'Yan'uwana masu gyara daga Bakori har Ƙafur, don Allah mu riƙa nuna wa mai keke layin nan da idonsa kafin ya bar rumfa, ko da ya ce sauri yake yi.