Gurasar Rai: Darasi a Kan Yukaristiya Mai Tsarki

Karatu: Yohanna 6:48-58, 1 Korintiyawa 11:23-29

A shekara ta 304, a wani ƙaramin gari mai suna Abitina, cikin ƙasar da ake kira Tunisiya a yau, an kama Kiristoci 49 suna cikin Misa a gidan ɗaya daga cikinsu. Sarkin Roma, Diyokletiyan, ya riga ya haramta irin wannan taro. Da alƙali ya tambaye su abin da ya sa suka ƙetare dokar sarki, sai suka amsa masa cewa ba za su iya rayuwa ba in babu jibin ranar Ubangiji. Wannan amsa ita ce ta zama ajalinsu.

Mu mutanen Dayosis na Maiduguri ba ma bukatar a fassara mana wannan labari. A shekara ta 2014, sa'ad da aka kai wa Konduga hari a watan Fabrairu, aka sāke gwabza yaƙi a kanta a watan Satumba, hanyar Bama ta zama abin tsoro. Daga Gwoza da Pulka har Madagali da Michika, masu bi suka watse, waɗansu zuwa Maiduguri da Yola, waɗansu zuwa sansanin Minawao a Kamaru. An ƙone majami'u da yawa, iyalai da dama kuma suka yi watanni ba su ga Fada a kan bagadi ba. A ƙarshen wannan shekara ce, bisa ga shaidar da ya bayar a fili a 2015, Bishop Oliver Dashe Doeme yana addu'ar rosari a gaban Sakramenti Mai Albarka, ya ga Yesu yana miƙa masa takobi, da ya karɓa sai ya zama rosari. Ikkilisiya ba ta tilasta wa kowa gaskata wahayin mutum ɗaya. Amma mu lura da inda makiyayi ya kai kukansa a ranar da garke ya watse.

To, mene ne wannan abu da ake ba da rai dominsa?

Kalmar Yukaristiya daga harshen Helenanci take, ma'anarta kuwa godiya. A daren da aka bashe shi, Yesu ya ɗauki gurasa, ya yi godiya, ya gutsuttsura, ya ba almajiransa, ya shaida musu cewa jikinsa ne. Haka kuma ya yi da ƙoƙon ruwan inabi, ya ce jininsa ne na alkawari, ya umarce su su riƙa yin haka domin tunawa da shi. Ikkilisiyar Katolika ta ɗauki wannan magana yadda take. Da zarar Fada ya furta kalmomin keɓewa, abin da ke kan bagadi ya daina zama gurasa da ruwan inabi. Kamanni da ɗanɗano da nauyi suna nan yadda suke, amma ainihin abin ya sāke, ya zama jiki da jinin Kristi. Babban Taron Lateran na huɗu ya furta wannan a 1215, Taron Trent kuma ya ƙarfafa shi a 1551.

Koyarwa ce mai wuya, kada mu ɓoye wa 'ya'yanmu haka. A Kafarnahum ma, da Yesu ya yi maganar cin namansa da shan jininsa, almajirai da yawa suka juya baya. Bai kira su ya ce sun yi masa mummunar fahimta ba, ko kuwa misali kawai yake bugawa. Ya bar su suka tafi, ya juya ya tambayi sha biyun ko su ma za su tafi. 'Yan'uwanmu na sauran ɗariku suna yin Jibin Ubangiji da bangirma, yawancinsu kuwa a matsayin tuni suke ɗaukarsa. Mun sha wahala tare da su, mun binne matattu tare, amma wannan bambanci gaskiya ne, shi ya sa ba ma haɗa teburi tukuna.

Misa kuma hadaya ce. Ba sabuwar mutuwa Kristi yake yi kowace Lahadi ba, gama sau ɗaya tak ya mutu. Hadayar nan guda ta Kalfari ita ce ake gabatarwa a gabanmu, mu kuma mu ɗora namu a kai: gonar da aka bari, ɗan da bai dawo ba, gafarar da ta ƙi fita daga baki. Fada kaɗai ke iya miƙa ta. Saboda haka sujadar da katikis yake jagoranta a ƙauye, ko da yake abin yabo ce ƙwarai, ba Misa ba ce. Iyalin da ba ya addu'a Allah ya kira firist daga cikin 'ya'yansa ya tuna da wannan.

Manzo Bulus ya gargaɗi Korintiyawa kowa ya auna kansa kafin ya ci. Wanda ya san yana ɗauke da babban zunubi, sai ya fara zuwa wurin furta zunubi. Ana kame baki daga ci da sha na sa'a ɗaya kafin karɓa, ban da ruwa da magani. Tsofaffi da marasa lafiya ba su cikin wannan doka. Wajibi ne a karɓa aƙalla sau ɗaya a shekara, a lokacin Ista, amma wanda yake cin tuwo kullum ya kamata ya ji kunyar tsayawa a kan wannan iyaka. Tun 1910 Paparoma Piyus na goma ya ce a ba yara da zarar sun yi wayo, wajen shekara bakwai. Iyaye, kada ku bar wannan shiri a hannun katikis shi kaɗai. Yaro yana koyon durƙuso ne daga gwiwar mahaifinsa.

Kada kuma a manta da waɗanda ke kwance. Shahidi Jastin ya rubuta, wajen shekara ta 155, cewa bayan sujada dikinoni sukan kai wa waɗanda ba su samu zuwa ba rabonsu. In akwai tsohuwa ko majinyaci a gidanku, ku sanar da Fada ko katikis tun kafin Lahadi, ku share ɗaki, ku shimfiɗa farin ƙyalle a kan teburi, ku kunna kyandir, yara kuma su kasance a wurin.