Amsoshin Tambayoyinku: Ina Kwaɗon Ruwan Sama Yake Rayuwa?

Wannan tambaya ta fito ne daga wani mai sauraronmu a Damagaram, wanda yake son sanin dangin kwaɗon da ake kira kwaɗon ruwan sama, da kuma inda yake rayuwa.

To malam, mun gode. Masana sun sanya waɗannan kwaɗi a zuriyar Pristimantis, sunan da masani ɗan Sifaniya Marcos Jiménez de la Espada ya raɗa mata a 1870. Zuriyar tana da nau'i fiye da 500, babu wadda ta kai ta yawa a cikin dabbobi masu ƙashin baya. An daɗe ana haɗa su da zuriyar Eleutherodactylus, sai a 2007 binciken ƙwayoyin halitta ya raba su.

Ana samunsu tun daga Honduras har arewacin Ajantina, amma cibiyarsu ita ce dazuzzuka masu hazo na tsaunukan Andis a Kolombiya da Ekwado da Peru. Ba sa buƙatar kududdufi. Macen takan yi ƙwai a ƙarƙashin ganyaye masu danshi, ɗan kwaɗo ya fito da ƙafafunsa ba tare da ya zama talibambam ba. Shi ya sa suka iya mamaye kan duwatsu.

Wani nau'in na Ekwado, Pristimantis mutabilis, da aka bayyana a 2015, yakan sauya fatarsa daga mai ƙaya-ƙaya zuwa sumul cikin 'yan mintoci. Da yawa daga cikin nau'o'in zuriyar a kwari guda ko dutse guda kawai suke, don haka sare daji guda na iya ƙarar da nau'i ɗungurungum.