Yadda Za Mu Kare Cikin Firam ɗin Keke Daga Tsatsa

Da yawa daga cikinmu, ɗalibai da malamai da iyaye, keke ne ƙafarmu zuwa makaranta, gona da kasuwa. Mukan wanke shi, mu goge fenti, mu ɗiga wa sarƙa mai, sai mu ce mun gama. Amma firam ɗin kekunan da muka saba hawa, irin su Raleigh da Phoenix da Hero, bututan ƙarfe ne da aka harhaɗa. Wajensu yana da fenti, cikinsu kuwa galibi ƙarfe ne tsirara. Kaurin jikin bututun bai kai milimita 2 ba, a kekunan tsere ma bai cika milimita 1 ba. Idan tsatsa ta cinye shi daga ciki, keke yana iya karyewa da mai shi a gangare, ko da buhun masara a kariya, alhali fentinsa yana ta ƙyalli.

Abin da ke kawo tsatsa

Tsatsa takan fito ne idan ƙarfe ya haɗu da ruwa da iskar oksijin a lokaci ɗaya. Muna iya gwada wannan a ajin kimiyya da ƙusoshi 3. Mu sa ta farko a kwalba mai ruwa kaɗan, mu bar bakin a buɗe. Ta biyu mu nutsar da ita cikin ruwan da aka tafasa, mu zuba mai a samansa don kada iska ta shiga. Ta uku mu ajiye ta a busasshiyar kwalba, mu toshe. Bayan mako guda za mu ga ta farko ta yi ja, sauran biyun kuwa kusan ba abin da ya same su. Darasin shi ne, in mun raba ƙarfe da ruwa, ko muka raba shi da iska, tsatsa ba ta da ta cewa. Mu kuma tuna gishiri yana hanzarta ta, kuma akwai gishiri a gumin da ke ɗiga daga jikinmu.

Ta ina ruwa yake shiga?

Babbar ƙofa ita ce bakin bututun da sandar sirdi take shiga. Ruwan da tayar baya take fesowa yakan bi ta nan ya gangara. Akwai kuma ƙananan huji a jikin fok da bututan da ke riƙe da tayar baya. Maƙera sun huda su ne don iska mai zafi ta fita lokacin haɗa firam. Ban da haka, keken da ya sha rana sannan ya kwana a waje cikin sanyi yakan tara raɓa a ciki. Duk ruwan nan yakan taru a wuri mafi ƙasa, wato gidan da sandar feda take juyawa, da bututai biyu da suka tashi daga nan zuwa tayar baya.

Rigakafi

1. Mu ajiye keke a ƙarƙashin rufi, inda iska take wucewa. Rufe jiƙaƙƙen keke da leda yana tsare laima ne kawai.

2. Idan ruwan sama ya dake mu, ko mun ƙetare rafi, mu cire sirdi da sandarsa, mu kifa keken ruwa ya tsiyaye, mu bar shi a buɗe ya bushe.

3. Mu shafa wa sandar sirdi giris kafin mu mayar da ita. Tsatsa ta fi ƙarfen da ta fito daga jikinsa cin wuri, shi ya sa sandar da ba giris take maƙalewa har bakanike ya rasa yadda zai yi da ita.

4. Kada mu toshe ƙananan hujin nan da fenti ko laka. Ta nan ruwa yake fita. Mu riƙa buɗe su da siririyar waya.

5. Sau ɗaya a shekara, wajen watan Afrilu kafin damina ta sauka, mu shafe cikin firam da mai. Lokacin ƙarfe ya bushe sarai. Akwai man feshi da aka yi musamman don wannan aiki, amma sabon man inji ma yana yi. Mu zuba kamar cokali 2 ta bakin bututun sirdi, mu ɗiga kaɗan ta kowane huji da sirinji, mu jujjuya keken sama da ƙasa, sannan mu bar ragowar ya tsiyaye. Mu kula kada man ya taɓa birki ko taya. Baƙin man da aka juye daga mota yana ɗauke da datti, gara a guje shi.

Idan tsatsa ta riga ta kama

Alamunta su ne jan ruwa yana fitowa daga huji, ko ƙarar ɓarɓashi idan mun girgiza keke, ko fenti ya yi bororo ba tare da an buge shi ba. Sai mu kai wa mai gyara ya kwance fok da feda da boris, mu haska tocila mu duba. Ja-ja na sama-sama ba abin tsoro ba ne. A ɗaura tsumma a sanda, a jiƙa da kananzir, a goge, a busar, a sa mai.

In ta yi kauri, a toshe hujin na ɗan lokaci, a cika bututun da ruwan khal, a bar shi ya kwana. Washegari a zubar, a ɗauraye da ruwan da aka jiƙa bakin soda a ciki don ya kashe tsamin, a sake ɗaurayewa da ruwa mai tsabta. A shanya a rana, a sa mai a ranar, domin ƙarfen da aka kankare yakan sake yin tsatsa cikin sa'o'i kaɗan. Kada kowa ya yi amfani da ruwan batir. Yana cin ƙarfe mai lafiya, yana ƙona fata, yana iya makantar da mutum.

Lokacin da za a haƙura

Idan mun danna bututu da babban yatsa ya lotsa, ko mun ga rami ko tsagewa kusa da mahaɗa, mu sauka daga keken nan tukuna. Walda a kan ruɓaɓɓen ƙarfe ba ta riƙewa, don abin da ke kewaye da ita ya riga ya sirance. Fok da ya huje, a sauya shi. Kuɗin sabo bai kai kuɗin ɗorin karaya ba.

Firam ɗin ƙarfe da aka kula da cikinsa yakan yi shekaru masu yawa, har yaya ya bar wa ƙane. Hausawa sun ce gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Saboda haka, kafin ruwan farko na bana, kowannenmu ya cire sirdin kekensa ya leƙa ciki.